Farashi, Inji ko Nauyi: Da Wane Mudu Za a Auna Harajin Motocin Alfarma?

Ka jera motoci biyu a zuciyarka. Ta farko Toyota Sienna ce ƙirar 2008, ta gama cin duniyarta a Amurka kafin ta hau jirgin ruwa, yanzu tana jigilar fasinja, kujerunta sun sha ɗinki, gilashin gabanta da tsaga. Injinta lita uku da rabi ne. Ta biyu Mercedes ce sabuwa dal, ko ledar kujera ba a ɓare ba, kuɗinta zai sayi irin waccan Sienna jere-jere har a bar canji. Injinta lita biyu ne kacal, sai dai an haɗa masa turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi. Da a Gana motocin nan suke a ƙarshen 2018, ta farkon ce doka za ta kira motar alfarma ta ce mai ita ya biya haraji, ta biyun kuwa ta wuce salin-alin.

Muhawarar harajin motocin alfarma yawanci a wuri ɗaya take cijewa. Wani ya ce wanda Allah ya hore wa har ya iya zuba kuɗin gina makaranta a kan taya huɗu ba zai ji zafin ɗan abin da za a ƙara masa ba. Wani ya ce gumin mutum ne, an riga an yanki harajin albashinsa ko na ribarsa, an karɓi kuɗin fito, an karɓi VAT, to na mene ne kuma za a sake tare shi don kawai ya sayi abin da ransa ke so? Kowannensu yana da abin faɗa, kuma za su kwana suna yi ba wanda ya kayar da wani. Ni inda na fi zuba ido shi ne mudun da ake awo da shi, domin harajin suna ɗaya gare shi a ko'ina, amma mutanen da yake kamawa daban-daban ne. Ƙasashen da suka gwada sun yi awo ko dai da farashin mota, ko da girman injinta, ko da nauyinta da hayaƙin da take fitarwa. Duk wanda za a nemi ra'ayinsa in maganar ta taso, gara ya san abin da kowane mudu ya haifar a inda aka yi aiki da shi.

Ostireliya ta daɗe da mudun farashi a tsari mai kyau, shi ya sa zan fi zama a kanta. Harajin ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2000, zamanin Firaminista John Howard, rana ɗaya da harajin kayayyaki na kashi 10 cikin ɗari da suke kira GST. Kafin nan akwai wani tsohon harajin sari da yake ɗora wa motoci masu tsada kaso mai yawa. Da aka soke shi, sai aka ga farashin manyan motoci zai rikito fiye da na ƙanana, wato mai kuɗi ne zai fi morar sauyin. Sai aka ƙirƙiro wannan don toshe gurbin, a kan kashi 25 cikin ɗari. A 2008 gwamnatin Kevin Rudd ta ɗaga shi zuwa kashi 33.

Jin kashi 33 kan sa gaban mutum ya faɗi, amma ba a kan kuɗin motar gaba ɗaya ake lissafa shi ba. Akwai iyaka, bari mu ari kalmar malaman zakka mu kira ta nisabi. A shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025, nisabin motar gama-gari dalar Ostireliya 80,567 ne, na motar da ba ta shan mai sosai kuma 91,387. Abin da ya haura nisabi kawai ake taɓawa, shi ma sai an cire masa GST tukuna. In ka yi lissafin, yana komawa santi 30 a kan kowace dala da ta ɗara. Motar dala 82,000 za ta biya wajen dala 430, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗinta ba. Ta dala 100,000 za ta biya wajen 5,830. Ta dala 300,000 kuwa wajen 65,830, fiye da kashi 20 cikin ɗari ke nan. Nauyin yana hawa ne a hankali kamar tudu, babu inda mutum zai taka ya ji ya zurma. Ana biya sau ɗaya lokacin saye, motar da ta wuce shekara biyu kuma ba ruwanta da shi in za a sake sayar da ita. Sannan doka ta tanadi a riƙa duba nisabin kowace shekara gwargwadon yadda farashi ya motsa. Lokacin da aka fara yana wajen dala 55,000 ne.

A takarda dai da wuya ka ga inda za ka soki wannan. A ƙasa kuwa 'yan Ostireliya sun fi shekara ashirin suna sukarsa, kuma ba masu Ferrari ne suka fi ɗaga murya ba. Ƙasa ce mai faɗin gaske, cikinta daji da hamada, gonaki da wuraren kiwo masu nisan ɗaruruwan kilomita daga gari. Motar da manomi da makiyayi suka amince da ita a can ita ce Toyota LandCruiser, sabuwarta kuma ta haura nisabi. Mutumin da yake ratsa rafi da ita don ya duba shanunsa ko ya kai yaro asibiti, sai ga shi a layi ɗaya da mai yawon shan iska a bakin teku a Sidni. Gwamnati ta san da haka, shi ya sa ta buɗe ƙofar mayar wa manoma da masu jigilar 'yan yawon buɗe ido wani ɓangare na kuɗin, aka ɗaga iyakar abin da ake mayarwa daga dala 3,000 zuwa 10,000 a 2019. Malamar makaranta ko ma'aikacin lafiya da ke zaune a ƙauye ɗaya da manomin, yana bin hanya ɗaya da shi, ba ya cikin wannan rangwame.

Akwai kuma ɓarakar da ta fi ba ni dariya. Doka ta keɓe motocin da aka ƙera don ɗaukar kaya, don kada a cuci mai sana'a. To sai ga manya-manyan a-kori-kura na Amurka irin su RAM 1500 da Chevrolet Silverado, masu kujerun fata da sanyi da komai na ƙasaita, farashinsu ya haura dala 100,000, suna shigowa a matsayin motocin aiki ba su biyan ko sisi na wannan haraji. Mai iyali da ya sayi mota mai kujera bakwai ta dala 90,000 ya biya, mai ƙatuwar a-kori-kurar da ba ta taɓa ganin buhun siminti ba ya wuce. Duk inda doka ta buɗe taga don tausayi, akwai mai jiran ya shigo da raƙuminsa ta nan.

Suka ta uku ita ce ta fi ƙarfi a wajen masana. Me ya sa mota kaɗai? Wanda ya sayi jirgin ruwan shaƙatawa, ko agogon zinare, ko zanen bango na miliyoyi, GST kawai zai biya. In dukiya ake nufi, ai ba a gareji kaɗai take kwana ba. Kwamitin duba tsarin haraji da Ken Henry ya jagoranta, wanda rahotonsa ya fito a 2010, ya ba da shawarar a soke harajin gaba ɗaya. Masu cewa yana kare masana'antar cikin gida su ma hujjarsu ta faɗi, tun da Ford ta rufe masana'antarta a 2016, Toyota da Holden suka bi baya a Oktoban 2017. Babu motar gida da za a kare. Amma harajin bai tafi ba, saboda kuɗin da yake kawowa a shekara ya kai wajen dala biliyan ɗaya, kuma babu ɗan siyasar da yake son a ce shi ne ya sauƙaƙa wa masu Porsche.

Birtaniya ma da farashi take awo, sai dai hanyarta ta bambanta ƙwarai, kuma a nan ne za ka gane cewa cewa "mudun farashi" kaɗai bai wadatar ba. Tun daga Afrilun 2017, motar da farashinta na kamfani ya wuce fam 40,000 tana biyan ƙarin kuɗi a kan harajin hanya na shekara-shekara, har tsawon shekara biyar, farawa daga shekararta ta biyu. An fara da fam 310, ya kai 425 a 2025. Kuɗin ɗaya ne ga kowa. Motar fam 41,000 za ta biya jimillar wajen fam 2,125, Rolls-Royce ta fam 400,000 ita ma haka. Ga ta farko kashi biyar cikin ɗari ke nan, ga ta biyu rabin kashi ɗaya. Wanda ya fi ƙarfi shi ya fi samun sauƙi. Kuma babu tudu a nan, rami ne: motar fam 39,900 ba ta biyan komai, ka zaɓi wani launin fenti ko rufin gilashi da ya ƙara fam 200 a farashi, ka jawo wa kanka dubu biyu. Farashin da kamfani ya rubuta ake dubawa, ko da dillali ya yi maka ragi. Abin da ya fi ciwo, ƙarin yana bin motar ne ba mai ita ba. Wanda ya saye ta hannu na biyu tana shekara uku, a rabin kuɗinta, shi zai ƙarasa biyan bashin alfarmar wani.

Sannan ga nisabin da aka kafe shi wuri ɗaya. Fam 40,000 a 2017 kuɗin babbar mota ne. Shekaru suka wuce, farashi ya hau, lambar ta motocin fetur tana nan inda aka bar ta, har motocin iyali na yau da kullum suka fara faɗawa ciki. Gwamnati ba ta ƙara haraji ba, ta dai naɗe hannu hauhawar farashi yana yi mata aiki. A nan nakan tuna hikimar da ke cikin nisabin zakkar kuɗi. Ba a ɗaure shi da wata lamba ta takardar kuɗi ba, an ɗaure shi da nauyin zinare ko azurfa, don haka duk yadda kuɗi ya lalace, ma'aunin yana bin darajar gaske.

Kanada ta zo daga baya ta ɗauki tsaka-tsaki. Tun Satumbar 2022, sabuwar motar da ta wuce dalar Kanada 100,000 tana biyan wanda ya fi ƙanƙanta cikin biyu: kashi 20 na abin da ya haura, ko kashi 10 na farashin duka. Motar dala 110,000 za ta biya 2,000. Daga dala 200,000 zuwa sama, kashi 10 ne ba ƙari. Nisabin yana da tsawon da ba ya kama talaka, hawan kuma a hankali yake. Aibinsa kawai, shi ma lambar a kafe take.

Yanzu mu dawo Gana, inda mudun inji ya nuna halinsa cikin shekara guda. A watan Agustan 2018, zamanin ministan kuɗi Ken Ofori-Atta, aka fara karɓar harajin shekara-shekara a kan motocin da girman injinsu ya kai cc 2,950 (kusan lita uku) zuwa sama: sidi 1,000 a matakin farko, 1,500 a na tsakiya, 2,000 ga mafi girma. Ana karɓa ne wajen rajistar mota da sabunta takardar lafiyarta. An keɓe taraktoci, motocin asibiti, motocin kaya da motocin haya masu ɗaukar mutum fiye da goma. Dalilin zaɓen inji a fili yake. Girman inji yana rubuce a takarda, yana jikin ƙarfe, ba a ciniki a kansa, ba a buga masa rasiɗin ƙarya. Jami'i ba ya buƙatar sanin nawa ka saya.

Matsalar ita ce a kasuwar da tsofaffin motoci suka cika, girman inji ba ya gaya maka komai game da aljihun mai mota. Amurkawa sun saba da manyan injina, tsofaffin motocinsu kuma su ne suke kwarara zuwa Afirka ta Yamma. Camry mai silinda shida, Highlander, Pathfinder, tsohuwar Pajero, duk sun haye layin. Kamfanonin Turai kuwa sun daɗe suna ƙanƙanta inji suna ƙara masa ƙarfi da turbo. A wannan shekarar ta 2018 akwai Range Rover mai haɗin lantarki da injinta bai wuce lita biyu ba. Motar lantarki zalla ma ba ta da cc ko ɗaya, komai tsadarta. Sai aka wayi gari ɗan fansho mai tsohuwar jif yana biyan harajin alfarma, attajirin da ya san abin da yake saye ba ya biya. Dillalan motoci suka yi ta kukan cewa manyan motocin sun kwanta musu a fili babu mai taya su, har suka fito zanga-zanga a Akara. Kuɗin da aka tara bai kai ko kusa da abin da aka yi hasashe ba. A tsakiyar 2019 gwamnati ta soke shi.

Wannan mudu jangali yake tuna mini. Kai ake ƙirgawa, ba a tambayar saniyar nan ƙosassa ce ko ƙashi da fata, mai ita yana da garke goma ko ita kaɗai ce ta rage masa. Sauƙin ƙirge ne ya sa masu mulki suka so shi, shi ne kuma ya sa talaka ya tsane shi, har soke shi da harajin kai ya zama abin da ake tuna Abubakar Rimi da Balarabe Musa da shi a Kano da Kaduna tun 1979.

Italiya ma ƙarfin inji take bi, amma ta yi dabarar da Gana ba ta yi ba. Tun 2012 motar da ƙarfinta ya wuce kilowat 185 tana biyan yuro 20 a kan kowane kilowat da ya ɗara, kowace shekara. Ƙarfi ake aunawa ba faɗin silinda ba, don haka turbo ba ta ɓoye kowa. Kuma harajin yana raguwa da tsufan mota: bayan shekara biyar ya sauka, bayan goma ya ƙara sauka, bayan ashirin ya ɓace. Da Gana ta sa wannan sharaɗi na shekaru, da rabin kukan bai taso ba. Duk da haka Italiyawa sun sami hanyar zillewa, masu hali da yawa suka koma hawa motoci masu lambar wasu ƙasashen Turai.

Mudu na uku na Faransa ne, kuma shi ba ya ma da'awar cewa alfarma yake hukuntawa. Cewa yake yi motarka tana ɓata iskar da kowa ke shaƙa, tana cin wuri, to biya diyya. Akwai tara a kan hayaƙi lokacin rajistar sabuwar mota, wadda ƙololuwarta ta kai yuro 60,000 a 2024. Tun 2022 kuma aka ƙara ta nauyi, yuro 10 a kan kowane kilo da ya haura 1,800, a 2024 aka sauko da iyakar zuwa kilo 1,600. Ta fuskar hujja wannan ya fi sauran tsayuwa da ƙafarsa, domin mai cewa "gumina ne" ba shi da amsa in aka ce masa huhun maƙwabcinsa ba guminsa ba ne. Amma mota mai nauyi sau da yawa motar mai iyali ce, shi ya sa dole Faransa ta yi rangwamen kilo 200 a kan kowane yaro ga gidan da ke da 'ya'ya uku zuwa sama. Ka kwatanta wannan da ƙasar da gida mai yaro uku ƙaramin gida ne. Kuma kada a ruɗe ka da cewa manyan jif ne suke farfasa titi. Injiniyoyi sun san tun gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 cewa ɓarnar da taya ke yi wa kwalta tana ninkuwa ne da nauyi ninki mai tsanani, ta yadda tirela ɗaya maƙare da kaya ta fi dubban ƙananan motoci illa. In gyaran hanya ake nema wa kuɗi, a wajen tanka da tirela maganar take.

Kafin a zaɓa, akwai darasi ɗaya daga Amurka da ya shafi kowane mudu: wanda aka rubuta sunansa a doka ba lallai shi ne zai biya ba. A 1990 Shugaba George Bush na farko ya sa hannu a dokar da ta ɗora kashi 10 cikin ɗari a kan abin da ya haura dala 30,000 na mota, 100,000 na jirgin ruwa, 250,000 na jirgin sama, da 10,000 na kayan ado da rigunan gashi. Ta fara aiki a Janairun 1991, daidai lokacin da tattalin arziki ke tangal-tangal. Attajirai suka dakatar da sayen sababbin jiragen ruwa, ko suka koma kan tsofaffi. Waɗanda suka ji a jikinsu kafintoci ne da masu fenti da sauran ma'aikatan wuraren ƙera jiragen, suka rasa aiki. An jefi kura, jifan ya sami akuya. A 1993 aka soke harajin a kan komai ban da mota, na motar kuma aka riƙa rage shi har ya ƙare a ƙarshen 2002. Abin lura shi ne na mota ya rayu shekara goma sha biyu ba tare da irin wancan rikici ba. Mai kuɗi yana iya haƙura da jirgin ruwa, da wuya ya haƙura da mota, kuma yawancin motocin da abin ya shafa daga Jamus da Japan ake kawo su. Ƙasar da ba ta ƙera motocin alfarma ba ta da ma'aikatan da za ta ji wa tsoro ta wannan fuska.

To in an ce in zaɓa, farashi zan ɗauka, amma irin na Ostireliya da Kanada, ba na Birtaniya ba. A karɓa sau ɗaya lokacin da mota ta shigo ko aka fara sayar da ita. A taɓa abin da ya haura nisabi kawai. A ɗaga nisabin sama sosai yadda Hilux ta ɗan kwangila da jif ɗin likitan karkara ba za su kai ba, domin nisabi mai tsawo ya fi tarin keɓe-keɓe aminci, tun da kowace keɓewa ƙofar cin hanci ce. Kuma a bar shi yana motsi da darajar kuɗi. Da wannan tsari ina ganin harajin ya yi adalci, har ma ga mai cewa guminsa ne. VAT kaso ɗaya yake yanka ga kowa, amma talaka kusan duk abin da ya samu kashewa yake yi, mai kuɗi kuwa kaɗan daga nasa yake kaiwa kasuwa, don haka a zahiri talaka ne ya fi jin nauyinsa. Ɗan ƙari a kan abin da babu wanda ya tilasta maka saye yana rage wannan karkata. Sukar da ba zan iya turewa ba ita ce ta kwamitin Henry: bai kamata mota ta zama ita kaɗai ba. Maganin wannan kuwa a faɗaɗa ne zuwa jirgin sama na kai da makamantansa, ba a bar kowa ya tafi ba.

Maganar ba baƙuwa ba ce a Najeriya. A ƙarshen 2014, da farashin ɗanyen mai ya faɗi, ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala ta yi shelar ƙarin haraji a kan kayan alfarma, ciki har da jiragen sama na kai da manyan motoci. A 2023, gab da ƙarshen mulkin Buhari, aka fito da ƙarin kashi 2 cikin ɗari a kan motocin da ake shigowa da su masu inji daga cc 2,000 zuwa 3,999, da kashi 4 a kan masu cc 4,000 zuwa sama. Mudun Gana ne sak, har ma layinsa ya fi na Gana sauka ƙasa, inda Camry da Accord na ma'aikacin gwamnati suke. Shugaba Tinubu ya dakatar da shi a watan Yulin shekarar. Duk ranar da aljihun gwamnati ya sake yin sanyi, irin wannan shawara za ta dawo, kuma inji za a fara kallo saboda shi ya fi sauƙin ƙirgawa.

Sai dai mudun farashin da na zaɓa yana da ƙayoyinsa a nan. Nisabin da aka rubuta da naira ba zai yi shekara ba. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Da an kafe nisabi a naira miliyan 30 a lokacin, da yau motar malamin jami'a ta zama ta alfarma ba tare da an canja mata ko taya ba. Dole a ɗaure shi da darajar motar a kuɗin waje. Sannan wa zai faɗi farashin? A Ostireliya dillali ne yake karɓa a kan rasiɗin da hukuma ke gani. A nan rasiɗi abin da aka ga dama ne. Hukumar kwastam ta shigo da tsarin ƙiyasta daraja ta lambar jikin mota a 2022, wakilan fito suka yi bore har aka dakatar aka yi gyara kafin a dawo da shi. Duk da kurakuransa, irin wannan tsari ne kaɗai zai sa harajin farashi ya yiwu, domin yana rage abin da ake sasantawa tsakanin mutum biyu a bayan ofis. Ga kuma Kwatano a maƙwabta. An hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa tun Janairun 2017, amma duk mai sayen mota ya san kalmar "'yar Kwatano" ba ta mutu ba. In harajin ya yi tsanani, motar za ta sauka a wata tashar ta biyo daji. Shi ya sa kashi 33 na Ostireliya ya yi mana yawa, tsibiri ce ita, ba ta da maƙwabcin da za a tuƙo mota daga wajensa cikin dare. Wani abu kusa da na Kanada ya fi dacewa.

Ƙaya ta ƙarshe babu mudun da zai cire ta. Cikin manyan masu sayen sababbin Land Cruiser da Prado a ƙasar nan akwai gwamnati da kanta. A 2023 an sha surutu kan motocin da aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya, sanatoci 109 da wakilai 360, inda rahotanni suka ce kowace ta kai wajen naira miliyan 160. Duk harajin da aka ɗora wa irin waɗannan, ɗan kwangila zai zuba shi cikin farashi, baitulmali ya biya, kuɗin ya fita ta wannan aljihu ya shiga ta wancan, mai hawa motar bai san an yi ba. Wannan sai dai dokar da za ta ƙayyade kuɗin motar da za a saya wa jami'i da dukiyar jama'a, kuma waɗanda za su zartar da ita su ne masu hawa motocin.